Sanin Wurin Bugu: Gwanayen Injin Jirgin Ruwa a Abuja

Cikin lalurorin injin jirgin ruwa babu wadda ta fi ƙona wa matuƙi rai kamar ta injin da ke tashi ya mutu. Idan inji ya ƙi tashi ƙememe, an san inda aka dosa: a sauke fasinja, a nemo mai gyara. Shi kuwa wannan, ja ɗaya ake yi wa igiya ya amsa, ya yi ruri, hayaƙi ya tashi, kowa ya gyara zama, amma kafin a kwance jirgi daga turke sai ya yi tari biyu ya yi tsit. A sake ja, ya sake tashi, ya sake mutuwa. Wani lokaci ma sai ya bari an yi nisa da gaɓa. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, gano abin da ke kashe irin wannan inji. A ganina suna cikin masu aikin hannu da suka fi cancantar yabo a Abuja, duk da ba a cika jin labarinsu ba.

Wani zai ce me ya haɗa birnin duwatsu da jirgin ruwa. Gaskiya ne, tun daga dokar 3 ga Fabrairun 1976 da ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya har zuwa tarewar gwamnati a ranar 12 ga Disamban 1991, babu mai lissafa Abuja cikin garuruwan ruwa irin su Lakwaja ko Yawuri. Amma ruwa na nan. Tafkin Jabi, wanda aka datse tun farkon ginin birnin don samar da ruwa kafin madatsar Usuma da ke wajen Bwari ta ɗauki wannan nauyi, yau wurin shaƙatawa ne. An buɗe katafaren kantin Jabi Lake Mall a bakinsa a 2015, kuma jiragen shan iska na kai da kawo a kansa, musamman Asabar da Lahadi da lokutan salla. Can kudu maso yamma, kogin Gurara ya ratsa ƙasar Kwali da Abaji a hanyarsa ta zuwa kogin Neja, kuma idan damina ta kankama akwai ƙauyukan da ba su da hanyar kasuwa ko asibiti sai ta fito.

Injin da ake amfani da shi a waɗannan wurare shi ne wanda ake ratayawa a bayan jirgi, kansa a sama, farfelarsa a cikin ruwa. Wani ɗan asalin Norwe mai suna Ole Evinrude ne ya fito da wanda ya fara karɓuwa a kasuwa, a garin Milwaukee na Amurka a 1909. Kamfanin Yamaha na Japan ya shiga sana'ar a 1960, kuma samfurinsa na Enduro, masu ƙarfin doki 15 da 40 da 75, su ne suka cika kogunanmu. Injuna ne masu bugu biyu, ƴan gida ɗaya da ƙaramin janareton Tiger da ke ƙofar shagunan Nyanya da Kubwa: ba su da tukunyar baƙin mai daban, a cikin fetur ake zuba musu. Ba su da tarkace da yawa, shi ya sa suke daɗewa, shi ya sa kuma ake iya gyara su a bakin ruwa da sukudireba da filaya da sifana biyu ko uku. Sai dai sauƙin kayan aiki ba shi ne sauƙin aiki ba. Hausawa sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Abin da ya fara burge ni game da gwanin wannan sana'a shi ne ba ya gaggawar ɗauko sifana. Inji na buƙatar abubuwa huɗu kafin ya yi aiki: mai, iska, wuta da matsi. Gwani ya san tashin da injin ya yi, ko na daƙiƙa biyar ne, shaida ce. Tunda ya tashi, akwai wuta, akwai kuma matsin da ya isa. Saura a gano wanne daga cikin huɗun ke yankewa daga baya, kuma a mafi yawan lokuta mai ne. Don haka sai ya fara da tambaya. "Ranka ya daɗe, yaushe rabon da a tashe shi? A ina aka sayi man? Wa ya taɓa shi kafin ni?" Sannan ya ce wa yaronsa, "Ja mu ji." Ya tsaya yana sauraro, yana ƙirga lokaci a zuci.

Wannan ƙirge shi ne rabin aikin. Injin da ya mutu cikin ƴan daƙiƙoƙi, ɗan man da cok ya ba shi ne kawai ya ƙona, wani bai biyo baya ba. Wanda ya yi minti ɗaya ko biyu, ya shanye abin da ke cikin kwanon kafireto ne, ba a cika masa ba. Wanda ya yi tafiya mai ɗan nisa kafin ya fara sanyi, ko dai tanki ne ba ya shaƙar iska, ko kuma zafi ne ya yi masa yawa. Wanda yake lafiya lau sai an sa giya ya mutu, maganarsa daban ce. Yadda ya mutu ma bayani ne. Yunwar mai a hankali take kashe inji: ya yi tari, ya ɗan yunƙura, ƙararsa ta yi sama kaɗan, sannan ya sare. Yankewar wuta kuwa farat ɗaya ce, babu sallama.

Da wannan a ransa sai ya bi hanyar mai tun daga tushe, ya fara da abin da ya fi araha, ya fi sauƙin dubawa. Na farko shi ne murfin jan tankin da ke kwance a cikin jirgi. A tsakiyar murfin akwai wani ɗan noti da ake murɗawa da yatsu. Ana ɗaure shi idan za a ɗauki tanki don kada mai ya zube, ana kuma kwance shi idan za a yi tafiya. Duk wanda ya taɓa huda gwangwanin madara ya san huda ɗaya ba ta zuba sai an yi ta biyu da iska za ta shiga. Idan aka manta notin a ɗaure, inji zai yi ta zuƙa har tanki ya fara lotsawa, daga nan mai ya tsaya. Gwani zai kwance murfin yana kasa kunne. In ya ji tankin ya ja iska ya ce "fuu", magana ta ƙare, ba a kashe ko sisi ba. Mai amana ba ya ɓoye wannan don ya samu na kwance kafireto. Nuna wa mai jirgi yake yi ya ce, "Alhaji, ga abin da ya tsayar da ku. A riƙa dubawa kafin a tashi."

In ba nan ba ne, sai hannunsa ya koma kan tiyo. A tsakiyar tiyon da ya haɗa tanki da inji akwai wata baƙar roba mai kumburi da ake matsawa don turo mai kafin a tashi inji, da kibiya a jikinta wadda dole ta fuskanci inji. A hannun gwani wannan roba ma'auni ce. Zai matsa ta sau da yawa. In ta cika ta yi tauri, mai ya isa kafireto. In ta ƙi tauri duk matsawa, to akwai inda iska ke shiga, ko tiyo ya tsage, ko ƴar robar bakin mahaɗa ta cinye, ko bawul ɗin da ke cikinta ya saki. In kuwa inji na aiki aka ga ta lotse ta manne, to toshewar tana bayanta ne, ta wajen tanki. Sai kuma gwajin da na fi so: a tashi inji, da ya fara alamar mutuwa a ci gaba da matsa robar. In ya farfaɗo, ya rayu muddin ana matsawa, to hannun makanike ne ke yin aikin famfon mai. Famfon wata siririyar fatar roba ce da numfashin injin ke kaɗawa, idan ta tsufa ko ta huje ba ta iya jawo mai. Da yatsu biyar an ware kaya ɗaya daga cikin inji duka, ba a kwance noti ko ɗaya ba.

Daga nan sai shi kansa man. Zai kwance ɗan kofin matata, ko notin da ke ƙarƙashin kwanon kafireto, ya tari abin da ya zubo a farar kwalba mai tsabta, ya ɗaga ta sama ya jira. Litar fetur ba ta wuce kimanin kashi uku cikin huɗu na nauyin litar ruwa ba, kuma ba sa gauraya. Jim kaɗan sai ka ga wasu ƴan ƙwallaye sun taru a gindin kwalbar, da layi tsakaninsu da man. Ruwa ne. A cikin kafireto ma a gindi yake kwanciya, daidai inda inji ke zuƙa. Shi ya sa ko cokali ɗaya ya isa ya tsayar da jirgi. Daminar Abuja doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, ga tanki a buɗaɗɗen jirgi, ga raɓa, ga jarkar ƴan bumburutu da ba a san abin da ta ɗauka jiya ba. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumar kula da harkar mai ta ƙasa ta sanar cewa an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, layukan mai suka dawo Abuja da Legas, masu motoci suka yi ta kukan lalacewar inji. Gwani yakan kuma shinshina man. Tsohon fetur yana da wani wari mai tsami da hanci ba ya ɓata.

A nan tsadar rayuwa ta shigo cikin sana'ar. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Wa zai zubar da ragowar mai a irin wannan hali? Sai a bar shi a tanki da kafireto makonni. Sai kuma a fara tsimin baƙin mai, ko a zuba na mota. Ƙa'idar akasarin waɗannan injuna ita ce kashi 50 na fetur, kashi ɗaya na baƙin mai, wato tanki mai lita 25 rabin lita yake ci, kuma irin wanda aka yi don injin ruwa, mai alamar TC-W3 a jikin galan. In ya yi yawa fulogi ya jiƙe inji ya shaƙe. In ya yi kaɗan fistin ya ci wuta. Makanike nagari aunawa yake yi, ba ya zubawa da ido.

Sai an wanke tanki da tiyo da famfo da mai daga zargi kafin a taɓa kafireto. Aikinsa gauraya iska da mai, wajen kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na mai a nauyi, ta wasu ƴan ƙananan ƙofofin tagulla da makanikai ke kira jet. Akwai babba na gudu, akwai ƙarami na silo. Na silo ramin da ke cikinsa bai fi tsinin allura ba, shi ne kuma ke ciyar da inji daga tashi har a ba shi totur. Idan fetur ya kwana ya bushe yakan bar wani danƙo, kuma wannan rami ne yake fara toshewa. Jiragen da ke aiki Asabar da Lahadi su kwanta sauran mako, irin na shan iska, wannan ce cutarsu. Alamarta a fili take ga wanda ya sani: inji na rayuwa in an ja cok rabi, ana mayar da cok ya mutu. Cok rage iska yake yi, saboda haka injin yana faɗa da bakinsa cewa mai ya yi masa kaɗan.

Kallon gwani yana wanke kafireto abin sha'awa ne. Zai shimfiɗa tsumma mai tsabta, domin a bakin ruwa duk abin da ya faɗi ya tafi ke nan. Kafin ya cire notin daidaita silo, sai ya murɗa shi ciki a hankali yana ƙirga zagaye har ya zauna, don ya mayar da shi daidai inda ya same shi. Ya jera kayan bi da bi yadda ya ciro su. Ya ɗauki ƙaramin jet tsakanin yatsa da babban yatsa, ya rufe ido ɗaya, ya ɗaga shi saitin rana. In haske bai fito a zagaye sosai ba, da saura. Zai jiƙa shi, ya hura masa iska, in ta kama ya zura silin waya mai laushi. Ba ya barin yaro ya soka allura ko ƙusa. "Kai, ajiye wannan! In ka buɗa ramin, ka kashe jet ɗin har abada." Tagulla ba ta da tauri, ramin kuma an auna shi ne tun daga masana'anta. Sai ya duba ƴar balbelar da ke yawo a kan mai a cikin kwano da allurar da take rufewa da buɗewa, ya girgiza ta kusa da kunne ko mai ya shige ta.

Idan mutuwar ta farat ɗaya ce, hankalinsa wajen wuta yake komawa. Akwai jar igiyar da matuƙi ke ɗaurawa a hannu, wadda in ya faɗa ruwa za ta fizge maƙalli inji ya mutu nan take. Maƙallin in ya saki, ko danshi ya shiga makunnin, girgizar inji kaɗai ta isa ta yanke wuta. Gwani yakan gwada ya gyara, amma ba ya yarda a cire wannan igiya gaba ɗaya, domin jirgin da ya yar da matuƙinsa yana gudu yakan juyo ya bi ta kansa. Sai fulogi, wanda ake karantawa kamar yadda ake karanta man: launin ƙasa-ƙasa lafiya, baƙi jiƙaƙƙe mai ya yi yawa, fari ƙal a bushe yunwa da zafi, ɗigon ruwa kuwa labari ne mara daɗi. Akwai kuma kwayil da ke ba da wuta da sanyi ya ɗauke in ya yi zafi. Shi ba a kama shi sai a daidai lokacin da injin ya mutu, kafin ya huce. Wanda ya jira minti goma zai samu wuta lafiya lau ya ɗora laifi a wani wuri.

Zafi ma kisa yake yi. Injin jirgi da ruwan da yake tafiya a kai yake sanyaya kansa: yana zuƙa ta wasu ƴan ramuka kusa da farfela, wata ƙaramar farfelar roba ta turo shi sama. Shi ya sa idon gwani ba ya barin siririn ruwan da ke tsartuwa daga gefen inji. In ya yi rauni ko ya tsaya, kashe inji ake yi nan take. A tafkin da ke tsakiyar birni, inda magudanai ke kawo shara, leda guda ta isa ta rufe ramukan. A kogi kuma yashi ke cinye robar. Don haka ba a tashin wannan inji a tudu babu ruwa, ko na ɗan lokaci ne.

Wanda ke mutuwa da an sa giya, da farko ɗaga shi ake yi a duba farfela, ko ragar masunta ko igiya ta naɗe ta. In babu komai, to silo ne ya yi ƙasa. Nan akwai wani sirri da ke raba gwani da ɗan koyo. Hayaƙin wannan inji ta tsakiyar farfela yake fita, a ƙarƙashin ruwa, ruwan kuma yana danne shi. Injin da aka daidaita a cikin duro a gareji, ba giya ba kaya, zai iya yin daɗin ji, a mayar da shi jirgi ya mutu. Saboda haka gwani ba ya cewa ya gama sai ya hau jirgin da kansa, an sa giya, an yi gudu, an rage, an koma baya. Sai duk waɗannan sun wuce ba a samu mai laifi ba sannan yake ɗauko ma'aunin matsi ya gwada silinda ɗaya bayan ɗaya, ya fara maganar zobe da fistin da robobin da ke toshe iska a ƙugun inji. Buɗe inji shi ne na ƙarshe, domin shi ne mai tsada.

Wannan bin tsari shi ne abin da nake girmamawa. Akwai mai gyaran da in inji ya gagare shi sai ya hau sauya kaya: yau fulogi, gobe kwayil, jibi kafireto sabo, har a dace, mai jirgi ya biya kuɗin lalube. Gwani abu ɗaya yake taɓawa a lokaci guda, ya gwada, ya ga abin da ya sauya, sannan ya matsa gaba. Bai kira shi kimiyya ba, amma ita ce. Haka kuma yake koya wa yaransa: ba ya faɗa musu amsa, tambaya yake yi. "Me ka ji? Me ya sa ka ce mai ne?"

Nauyin abin ya wuce na kuɗi. Mota in ta mutu a titin Gwagwalada a gefe ake tura ta. Jirgin da ke da inji a baya kuwa da injin ake juya shi, in ya mutu an rasa gudu an rasa linzami lokaci guda, igiyar ruwa ta juya shi ta gefe, in da lodi mai yawa sai abin da Allah ya yi. Arewa ta sha makokin ruwa: Warra a Jihar Kebbi a Mayun 2021, Bagwai a Jihar Kano a Nuwamban 2021, Patigi a Jihar Kwara a Yunin 2023. Abubuwan da aka fi ambata a irin waɗannan haɗurra su ne lodi fiye da ƙima, tsufan jirage, tafiyar dare, kututturan cikin ruwa da rashin rigar kariya, su ne kuma hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, take ta gargaɗi a kai. Lafiyar inji na cikin wannan lissafi, domin matuƙin da injinsa ke amsa masa shi ne ke iya kauce wa kututture ya kai gaɓa kafin hadari ya sauko.

Saboda haka masu jirage su daina raina gyaran da bai ɗauki lokaci ba. Wanda ya gano cutar inji cikin minti biyar, shekarun da ya yi yana sauraro ake biya, kuma ya fi wanda ya kwana uku yana sauya kaya arha. Matuƙa su nemi ya koya musu gwajin murfi da na roba da na kwalba, su riƙa tafiya da fulogi na ajiya da filafili. Makarantun koyon sana'a na Babban Birnin Tarayya kuma su buɗe wa wannan fanni ƙofa, su gayyato waɗannan gwanaye su koyar. Matashin da ya iya janareto ko babur a Apo ya riga ya yi rabin tafiya, ga kuma Shiroro da Kainji da Lakwaja duk suna neman hannu irin nasa.